Sharhi Kan Yarjejeniya Mai Zartar Da Kanta

A watan Mayun 2023 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan fasahar bulokcen, wato kundin da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, ta yadda da wuya a sauya abin da aka shigar. A kansa ake ɗora yarjejeniya mai zartar da kanta: da zarar sharaɗi ya cika, sai kuɗi su fita ba tare da jiran sa hannun kowa ba. A 2021 an gwada wannan a Kenya wajen inshorar ƙananan manoma, inda bayanan ruwan sama ke sa a biya diyya.

Yanzu kuma ana ƙera manhajojin da ke mayar da rubutacciyar yarjejeniya zuwa umarnin kwamfuta da kansu. To, a nan gizo ke saƙar. Manomi zai ce "in damina ta yi gardama", ita kuwa kwamfuta sai an gaya mata milimita nawa, kuma awon wane gari. Bugu da ƙari, kuskuren umarni yana da tsada: a 2016 ta irin wannan ɓaraka aka kwashe kimanin Ether miliyan 3.6 daga asusun The DAO.

Saboda haka muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin ƙungiyoyin manoma da kada su amince sai masani ya tantance umarnin, an kuma rubuta cewa idan saɓani ya taso, takardar da aka karanta wa jama'a ita ce hujja.