Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Mu mutanen Kauru mun ɗauka gubar man fetur ciwon 'yan kudu ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a rijiyoyin Ogale, ƙasar Ogoni. Muka ce Allah ya kyauta, muka kau da kai. To, kogin Romi fa, da ya sha dagwalon matatar man Kaduna shekara da shekaru? A nan gida kuwa, bakanike na tuttular da baƙin mai, ɗan bumburutu na ɗauraye jarkarsa gab da rijiya, damina ta sauke dattin cikin ruwan shanmu. Shin cikin masu zuwa neman ƙuri'armu, wa ya taɓa turo mai auna ruwa?