Kada Mu Hana Yara Tamaula



Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Madakiya, akwai wani yaro a ajina wanda ba ya iya zama in ya ji ƙarar tamaula. Ran nan ubansa ya zo ya ce mini, "Malam, ka dake shi, ka raba shi da wasan banzan nan." Na ba shi haƙuri, amma ban daki yaron ba. Waɗansu abokaina sun ce na yi kuskure. To, ga dalilina.

Ku dubi Daniel Amokachi. A Kaduna aka haife shi cikin 1972, ya fara wasa a Ranchers Bees. Bai cika shekara 18 ba Turawan Beljiyam suka ɗauke shi zuwa Club Brugge. Ya ci ƙwallo biyu a gasar duniya ta 1994 a Amurka, ya ɗauki kofin FA da Everton ta Ingila a 1995, kuma yana cikin waɗanda suka kawo wa Nijeriya zinariya daga Atlanta a 1996. Ashe wannan wasan banza ne? Yaran Madakiya sun san labarin nan sarai. In malami ya ce musu tamaula ba ta kai mutum ko'ina, sun san ƙarya yake yi, gobe kuwa ba za su yarda da shi ba ko a kan lissafi.

Amma akwai sauran labarin, shi ne ba a faɗa musu. Gwiwa ta sami Amokachi a 1998, daga nan ƙarfin wasansa bai komo ba, alhali bai kai shekara 30 ba. Shi da ya yi suna ke nan, ya sami aikin koyar da 'yan wasa daga baya. Ina wanda gwiwarsa ta lalace tun yana filin Kafanchan?

Wannan duka na gaya wa yaron, ban rage kome ba. Sa'an nan muka ƙulla sharaɗi: ya gama aikin aji, ni kuma in busa musu usur da yamma. Kafin in bar garin ya fara zuwa da littafinsa, ko da yake har yanzu rubutunsa sai a hankali.