Ciniki Ba Dillali: Wa Zai Mayar wa Manomi Kuɗinsa?

A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ciniki ya fara ƙaura daga rumfa zuwa wayar hannu. Manomi kan ga hoton injin ban-ruwa a WhatsApp, ya je wurin mai POS ya tura kuɗi, a ɗoro masa kaya a motar haya. Sai ya kwance kwali ya tarar injin ba zai iya jawo ruwa daga rijiyarsa ba, alhali ya faɗi zurfinta tun kafin a sallama. Idan ya kira mai kaya, amsar guda ce: abin da aka saya ba a mayarwa. Kuɗin gyaɗarsa ke nan, kuma noman rani ba ya jira.

Wannan amsa ba ta da tushe a fiƙihu, ba ta da shi a doka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan waɗannan ƙauyuka, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun da fari idan kayan na nesa ne kuma suna iya sauyawa. Ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibi. Haka nan sashe na 122 na dokar tarayya ta 2018 kan gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ya ba mai saye ikon karɓar kuɗinsa cif, idan kayan suka saɓa wa siffar da aka yi masa, ko suka kasa biyan buƙatar da ya bayyana wa mai sayarwa.

Haƙƙi dai yana nan. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da ake riƙewa. A kasuwar Dawanau ko ta Dambatta, dillali ba don haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai yake cin la'ada ba. Shi ne shaida, shi ake nema in za a warware ciniki. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda fataucin shanu da goro a Sabon Ibadan ya dogara kan amanar masu gida da dillalansu. Cinikin intanet ya kawar da wannan tsani bai kafa wani ba. Zuwa birnin Kano kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin masu saye kuwa na iya cinye wa manomi kuɗin mota da yinin aiki, sai ya haƙura ya bar wa Allah.

Mafita ita ce a maido da dillanci cikin sabuwar riga: kuɗi su tsaya a hannun amintacce, mai rajista, har mai saye ya ga kaya ya gamsu. Masu POS da ke kowace mararraba sun fi kowa dacewa da wannan aiki, muddin hukuma ta tsara shi.

Masana Hausa ma suna da nasu kason. Dokar tana cikin Turanci, manomi kuwa da Hausa yake tayi, da ita yake sallamawa. Harshen da ya tanadi “aibi” da “warware ciniki” ba zai rasa kalmomin fassara sashe guda ba, a karanta shi a rediyo har manomi ya san abin da zai faɗa idan ya ɗaga waya.