Kuregen Amurka Da Maharbansa

Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama, kuma babu wanda ya fi maharbi riƙon wannan magana. A wannan mako za mu leƙa manyan filayen ciyawa na yammacin Amurka, inda ake farautar wata 'yar dabba dangin kuregen da muka sani. Sunan da Turawan can suka ba ta ma'anarsa karen fili, saboda kukanta ya yi kama da haushin kwikwiyo, alhali kuwa ba ta haɗa komai da kare ba.

Abu na farko da maharbi yake lura da shi shi ne wannan kurege ba ya zaman kaɗaici. Gari guda suke kafawa na ramummuka, kowane gida da namiji ɗaya da mata uku ko huɗu da 'ya'yansu. Wajen shekarar 1900 an sami wani irin wannan gari a Jihar Teksas wanda faɗinsa ya kai murabba'in mil 25,000, aka ƙiyasta mazaunansa sun kai miliyan 400. A bakin kowane rami sukan tara ƙasa ta yi tudu. Tudun yana hana ruwan sama shiga, yana jawo iska ta ratsa ramin, kuma a kansa ne mai gadi yake tsayawa. Ciyawar da ke kewaye ma sukan datse ta ƙasa-ƙasa don kada maƙiyi ya sami maɓoya.

Da mai gadi ya hangi haɗari sai ya yi kuka, gari duka ya ɗauka, in kunne ya ji jiki ya tsira. Wani masani na Jami'ar Arewacin Arizona, Con Slobodchikoff, ya shafe shekaru yana sauraren kukan nan, ya gano cewa kukan shaho daban, na dila daban, na mutum daban. Saboda haka sanɗa ba ta da amfani a nan. Ko hafsoshin nan biyu, Lewis da Clark, da suka ci karo da garin kuregen a yankin Nebraska a 1804, sai da mutanensu suka yi ta ɗura ruwa a rami kafin su kama guda ɗaya, wanda aka aika wa Shugaba Thomas Jefferson da ransa a 1805.

Maharbin yau ya sake dabara. Yakan zauna daga nesa, yadi 200 ko 300 ko fiye, da bindiga mai madubin hangen nesa, ya jira hantsi lokacin da suke fitowa kiwo. Gadin da ya isa ya tsare su daga shaho bai isa ya tsare su daga harsashin da ba su ga mai shi ba. Galibi kuma ba don nama ake harbin ba: wasu gwada saiti suke yi, wasu kuwa makiyaya ne ke gayyatarsu, don suna ganin kuregen yana cinye wa shanu ciyawa.

To, a nan ne sanin hali yake da rana. Wannan dabba ba ta hayayyafa kamar ɓera. Sau ɗaya mace take haihuwa a shekara, kuma 'ya'ya uku ko huɗu ne suke fitowa daga rami. Wani bincike da aka yi a Jihar Wayomin, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa waɗanda suka tsira daga harbi sukan rage kiwo saboda tsoro, su rame, haihuwarsu ta faɗi ƙwarai a shekara mai zuwa. Bugu da ƙari, akwai annobar da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta shigo ta San Faransisko a 1900. In ta faɗa wa gari takan kashe fiye da kashi 90 cikin 100, kuma tana kama mutum, shi ya sa ake gargaɗin maharba kada su taɓa mushen. Gawar da aka bari a fili kuwa, gaggafa da shaho sukan ci ta tare da ɓarɓashin dalmar harsashi, su sha guba.

Har ila yau akwai wata dabba mai baƙaƙen ƙafafu, mai kama da tunku, wadda kusan duk abincinta wannan kurege ne. An ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1981 aka sake ganinta a Wayomin, kuma daga guda 18 da aka kama ne aka sake raya irinta. In garin kurege ya mutu, ita ma ta bi shi.

Yau filin da kuregen yake zaune ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, harbi da guba da noma da annoba duk sun taru a kansa. Wasu jihohi sun hana harbinsa a filayen gwamnati lokacin goyo, irin na Jihar Yuta kuwa doka ce take kāre shi. Maharbin kirki ya san dalili: wanda ya harbe uwa a lokacin goyo, har da 'ya'yan da ke cikin rami ya kashe, kuma baɗi tudu babu mai gadi zai tarar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.