Haƙƙin Ƙaramin Manomi a Kasuwa

A wannan mako za mu duba al'amarin ƙaramin manomi, watau magidancin da ke noma gandu tare da iyalinsa. Daga guminsa ne tuwon da muke ci yake fitowa, amma ranar da za a yanka wa hatsi farashi shi ne wanda ba a jin ta bakinsa.

Wannan matsala ta daɗe. A 1949 Turawa suka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga ƙasashen waje, ita ke yanka farashi, tana saye ta hannun wakilai masu lasin da 'yan baranda. Abin da take biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa gwamnati ke riƙewa ta yi ayyuka. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka biyo juna, ga kuɗin man fetur sun ɗauke hankalin gwamnati, sai dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. An sake fasalin hukumomin a 1977, daga bisani gwamnatin Janar Babangida ta rushe su a 1986. Manomi ya rabu da mai saye guda ɗaya, ya faɗa hannun masu jari.

Ga yadda abin ke tafiya. Da kaka bashin taki da hidimar gida sukan tilasta masa ya kai amfaninsa kasuwa lokacin da kowa ke kai nasa, sai farashi ya faɗi. Mai kuɗi ya saye ya kulle a sito. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, sai manomin nan ya dawo yana awon hatsin da ya noma da tsada. Gwamnatoci sun gwada magani, kamar rabon taki ta wayar hannu a 2012, da rancen Babban Banki ga manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Amma manufa ba ta zama wuri ɗaya: an rufe iyakoki a 2019, an buɗe a ƙarshen 2020, a 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da masara da wake da alkama na wani lokaci. Wanda ya yi shuka bisa wani lissafi, sai ya girbe bisa wani.

To, Shari'a ba ta bar wannan fage haka nan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tare ayari a hanya a saye kayansa kafin ya shiga kasuwa, domin baƙo bai san farashi ba tukuna. Lalle wanda ya tare amalanke a bakin gari ya yi wa mai ita ƙarya game da ciniki ya shiga wannan hani. An kuma hana ɓoye abinci a lokacin ƙunci don jiran tsada, an hana tauye mudu. Da aka roƙe shi ya yanka farashi a Madina bai yarda ba, sai dai malaman Malikiyya sun ba shugaba damar sa baki in cuta ta bayyana. Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyadina Umar ya umarci wani mai sayar da zabibi da ya karya farashi, ko dai ya daidaita da na jama'a ko ya tashi daga kasuwa. Ke nan abin da ake kiyayewa shi ne kada wani ya danne wani, ko ta tsada ko ta araha.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa. In za ku ba manomi kuɗi kafin girbi, ku bi hanyar salam, watau a biya kuɗi duka nan take, a ambaci irin hatsin da yawansa da ranar bayarwa, kuma kada a mai da matsuwarsa abin ciniki. Ku auna da mudun da kuke so a auna muku.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, takin da aka sa hannunku amana ce, buhun da ya karkata zuwa siton wani attajiri kuwa gonar wani talaka ce ta mutu. Muna so a riƙa sanar da farashin manyan kasuwanni irin su Dawanau ta rediyo kowane mako, a daidaita awo da sikeli, a gina rumbunan ajiya na ƙungiyoyin gama kai inda manomi zai ajiye hatsinsa ya karɓi rance har farashi ya gyaru. Duk wata shawara kan shigo da abinci a bayyana ta tun da bazara, kafin a zuba iri a ƙasa.

In manomi ya ga noma ba ya biya, zai rage gona, ɗansa kuma ya tafi ci-rani bai dawo ba. A ranar nan ɗan kasuwa ba shi da abin saye, albashin ma'aikaci kuma ba zai kai shi ƙarshen wata ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.