*KWALLIN JARIRI: A RABA SUNNA DA DALMA*

Iyaye maza da iyaye mata na Batsari da Safana da kewaye.

Maganata ta yau za ta yi wa kakanni nauyi, amma gaskiya ce: a daina zizara wa jariri kwallin dutse na kasuwa.

Allah Ya halicci ƙwaƙwalwa da ƙwayoyi biliyoyi, kowace na miƙa reshe tana ƙulla mahaɗa da 'yar uwarta. A shekarun farko na yaro, mahaɗa fiye da miliyan 1 ke ƙulluwa a kowace daƙiƙa. Masu kai saƙo a wannan aiki wasu sinadaran furotin ne. Ɗayansu, wanda likitoci ke kira BDNF, shi ke ƙarfafa mahaɗar da ake amfani da ita har ta kafu. Da irin waɗannan mahaɗai yaro ke koyon magana, yake riƙe hadda.

To, ita dalma munafuka ce. Tana shiga jiki a rigar kalsiyam, ta toshe ƙofofin saƙo, fitar BDNF ya ragu, mahaɗa ta tashi a raunane. Ba zazzaɓi, ba ƙurji. Sai yaro ya shiga makarantar allo a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa.

Wani zai ce: "Malam, ai kwalli sunna ne." Ƙwarai, ismid aka kwaɗaitar. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa sau da yawa dutsen dalma ne, ido kuwa ba ya tantancewa. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta bayyana cewa an gwada kwallin Najeriya da ake sa wa wani jariri a Boston, aka samu dalma kashi 82.6 cikin 100. Mun kuma ga abin da dalmar haƙar zinari ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010: yara sama da 400 suka rasu. Shari'a ba ta yarda da cutarwa ba.

Jariri yana murza ido, ya sa hannu a baki. Cikin yaro na tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na babba, mai yunwa da ƙarancin jini ya fi tsotsa. Ku dubi 'ya'yan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, ga tamowa, mu ƙara musu da guba?

Abin yi:
1. A ajiye kwallin dutse, har na uwa mai goyo.
2. Nono zalla wata 6, a ci gaba zuwa shekara 2.
3. Bayan wata 6, kunun gero da gyaɗa, waken suya, zogale, ƙwai.
4. A yi wa jariri hira da wasa, mahaɗa da amfani take ƙarfi.
5. Ido mai kwantsa ko ja, asibiti.

A tura wa ungozoma da kakanni. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.