Waiwaye: Juma'ar da Kwamfutocin Asibiti Suka Nemi Kuɗin Fansa

Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a Ingila suka ga fuskar kwamfutocinsu ta rikiɗe ta koma ja. Ga saƙo ɓaro-ɓaro: an kulle duk abin da ke ciki, mai son mabuɗi ya biya dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin. Bayan kwana uku kuɗin zai ninka, bayan kwana bakwai kuwa sai dai haƙuri. A gefe ga agogo yana ƙirga lokacin da ya rage. Likita ya nemi bayanan majinyaci, babu. Sakamakon gwajin jini, babu. Aka koma biro da takarda, wasu ma'aikatan suka riƙa aika wa juna saƙo ta WhatsApp a wayoyinsu. Asibitoci biyar suka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wuraren.

Kafin ƙura ta lafa, abin ya taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci 236 da ke Ingila, da ƙananan wuraren ganin likita kusan 600. An soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Ba kuwa asibitocin aka nufa ba, hanya ce ta biyo ta kansu. A daidai wannan lokaci kamfanin waya na Telefónica a Sifen ya kamu, Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa, allunan tashoshin jirgin ƙasa a Jamus suka daina nuna lokacin tashi suka koma nuna takardar neman fansa. Hukumar 'yan sandan Turai ta ce kwamfutoci fiye da 200,000 ne a ƙasashe 150. Sunan cutar WannaCry.

Abin da ya sa ta yi wannan gudu shi ne ba ta jiran kowa ya yi kuskure. Mun saba jin cewa sai mutum ya buɗe wasiƙar da bai san mai ita ba, ko ya latsa wani abu a shafin banza, sannan ƙwayar cuta ta shiga. Ita wannan da ƙafarta take tafiya. A cikin Windows akwai wani tsohon tsari mai suna SMB, wanda kwamfutocin ofis ke amfani da shi su raba fayil da firinta a tsakaninsu, ta wata kafa mai lamba 445. Sigar farko ta wannan tsari tana da ɓaraka: in aka turo mata saƙon da aka shirya shi ta wata hanya ta musamman, sai kwamfutar ta ruɗe ta bar baƙo ya ba ta umarni, ba tare da ta nemi kalmar sirri ba. Da cutar ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta kulle fayilolinta, ta leƙa maƙwabta, ta kuma riƙa laluben adireshi barkatai a intanet tana neman wata kafar 445 da aka bari a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan tsaga iri ɗaya ce a miliyoyin gidaje.

Wa ya fara ganin tsagar? Ba ɓarayin ba ne. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ita ta ƙera makamin da ke bi ta wannan ɓaraka, mai suna EternalBlue, kuma jaridun Amurka sun ruwaito cewa ta yi shekaru tana aiki da shi ba ta gaya wa Microsoft ba. Dalilinta a fili yake: ranar da aka toshe kafar, ranar makamin ya mutu. Sai aka sace shi. Wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka watsa shi a intanet ranar 14 ga Afrilu, 2017, kowa ya ɗauka kyauta. Shugaban Microsoft, Brad Smith, ya kwatanta abin da a ce an sace wa sojan Amurka makamai masu linzami samfurin Tomahawk. A ganina bai yi ƙari ba. Gwamnatin da ta ga rami a manhajar da asibitocinta da bankunanta ke amfani da ita, ta yi shiru don tana son ta riƙa bi ta nan ta shiga gidan wasu, ta yi caca ne da tsaron mutanenta.

Amma in muka jibga wa NSA laifin duka, mun yi wa kanmu sassauci. Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ranar 14 ga Maris, da lamba MS17-010, ya kuma sa shi a sahun mafi gaggawa. Wata guda ke nan kafin a watsa makamin, kusan wata biyu kafin waccan Juma'ar. Duk kwamfutar da ta karɓi facin ba abin da ya same ta. Da aka zo bincike, ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya gano cewa sashen da ke kula da harkar kwamfuta na hukumar lafiya ya aika wa asibitoci gargaɗi a watan Maris da kuma Afrilu cewa su saka facin. Kafin harin ma an je asibitoci 88 an duba tsaronsu, ba ko ɗaya da ya ci jarrabawar. Sai dai masu gargaɗin ba su da ikon tilasta wa kowa, ba su kuma da hanyar sanin wa ya bi wa ya ƙi.

A kwanakin farko kowa Windows XP yake zagi, tsohuwar manhajar da Microsoft ya daina kula da ita tun Afrilun 2014. Har kamfanin ya karya dokarsa ya yi mata facin gaggawa. Da alƙaluma suka fito sai aka ga ba ita ba ce. Kamfanin tsaro na Kaspersky ya ce kusan kashi 98 cikin ɗari na kwamfutocin da ya ga sun kamu Windows 7 ke kansu, manhajar da a lokacin ake ba ta faci kowane wata. Magani yana nan a ajiye, ba a sha ba ne.

Me ya hana a sha? Nan ne nake ganin bai kamata a yi saurin cewa sakaci ba. Mai kula da kwamfutocin asibiti yana da hujjarsa. Na'urar ɗaukar hoton jiki da aka saya da miliyoyi tana aiki ne da kwamfutar da kamfanin da ya ƙera ta kaɗai ke da izinin taɓawa. Wata manhajar ta ajiye bayanan majinyata an rubuta ta shekara goma da suka wuce, ba wanda zai rantse cewa sabon faci ba zai kwantar da ita ba. Saka faci yakan buƙaci a kashe a kunna, asibiti kuwa ba ya rufewa. In ya saka abu ya lalace, shi za a kira. In bai saka ba, ba wanda zai sani, sai ranar da aka sani. Ko'ina a duniya haka lissafin yake, shi ya sa "bari sai mako mai zuwa" ke cin nasara. A nan gida ma hujjar ta fi sauƙi: mai shagon buga takardu ya kashe sabuntawa don kada ta cinye masa data, ko don Windows ɗin da mai gyara ya ɗora masa ba ta asali ba ce, yana tsoron a gane.

To in faci ya gagara, ba shi ke nan ba. Masu binciken Birtaniya sun ce ko da ba a saka shi ba, da an kula da katangar tsaron da ke tsakanin asibitocin da intanet, da cutar ba ta samu shiga ba. Kafar 445 ta aikin cikin ofis ce, ba ta da dalilin fuskantar waje. A cikin gidan ma, ba dalilin da zai sa kwamfutar mai karɓar baƙi ta iya magana kai tsaye da na'urar ɗakin gwaji. Tsohuwar na'urar da ba a iya taɓawa sai a ware ta ita kaɗai, a bar mata hanya ɗaya tak zuwa inda take kai sakamako. Wannan aiki ba ya buƙatar sayen wani abu mai tsada, zama ne da lissafin me ke ina, kuma wa ke buƙatar magana da wa. Galibin ma'aikatu ba su ma san adadin kwamfutocin da ke kan layinsu ba.

Yadda abin ya tsaya kuwa ya isa ya hana mutum barci. Wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, yana bin ƙwayar layi-layi sai ya ga tana neman wani dogon adireshin intanet marar ma'ana da ba wanda ya mallaka. Ya biya dala 10 da 'yan kai ya yi rajistarsa, don kawai ya riƙa ƙirga masu kamuwa. Ashe an tsara ta ne ta tsaya cak in adireshin ya amsa. Haka yaɗuwarta ta karye a ranar, bisa dace. Su kuwa masu ita, duk wannan ɓarna abin da suka tara wajen dala 140,000 ne kawai. A Disambar shekarar Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa, ita kuma ta musanta.

Kowa ya ɗauka an ji jiki, an ɗauki darasi. Ranar 27 ga Yuni, mako shida da 'yan kwanaki bayan haka, wata ta ɓulla daga Yukiren, wadda aka laƙaba wa NotPetya. Ita ma tana ɗauke da EternalBlue, amma ta fi wayo: ta shigo ne ta cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, kuma tana satar kalmomin sirri daga kwamfutar da ta kama ta buɗe na kusa da su, har waɗanda aka yi wa faci. Ba ta da adireshin da zai tsayar da ita irin na WannaCry, ba ta kuma da mabuɗi, ko an biya ba abin da zai dawo. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000 cikin kwana goma, ya yi asarar kusan dala miliyan 300. Kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin kowa yana da kwafi da yawa, amma duka a haɗe suke a kan layi ɗaya, sai suka mutu tare. Ɗaya tal ya tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a lokacin da cutar ke yawo. Kamfanin da a lokacin yake ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya, rashin wutarmu ya yi masa abin da injiniyoyinsa ba su yi ba, wato ajiye kwafi guda a inda layi bai kai ba.

Su ma masu ƙera manhaja suna matsa wa mutane a kan saka faci. Windows 10 ba ta cika neman shawara kafin ta sabunta kanta ba, abin da ke ba mutane haushi. Manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox sukan sauke facinsu a ɓoye, sai dai ba ya fara aiki sai an rufe manhajar an sake buɗewa, ga shi wani sai ya yi makonni da shafuka talatin a buɗe bai rufe ba. Ba ƙaramin abu ba ne, don ta irin wannan ɓaraka a Internet Explorer aka kutsa wa Google kansa a harin da ya bayyana a Janairun 2010. Microsoft ya daina ba Windows 7 faci ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshe ta Windows 10 ga wanda bai shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Windows 11 kuwa ba ta hawa kan yawancin tsofaffin kwamfutoci. Kamfanonin Turai da Amurka za su sauke nasu su sayi sababbi, waɗanda aka sauke ɗin kuma a loda su a kwantena, su sauka a Legas da Kwatano da Tema, mu saye su a matsayin tokumbo mu jera a ofisoshinmu da makarantunmu da asibitocinmu.